Dillalan gawayi sun ƙi faɗa mini kuɗin hanya

Assalamu alaikum. Binciken digirin digirgir nake yi kan yadda tsadar gas ɗin girki bayan faɗuwar naira a 2023 ta mayar da gidajen Kano kan gawayi, da waɗanda ke cin ribar. A wajen dillalai na maƙale. Da na tambayi dajin da ake saro itacen da abin da ake biya a shingayen hanya, sai hira ta mutu. Jami'in gandun daji suke ɗaukata. Na nuna takardar jami'a, na bi ta shugabansu, na ajiye rikoda. Farashin buhu kaɗai suke faɗa, alhali kuɗin hanyar ne ginshiƙin aikin. Malamai, yaya zan samo waɗannan alƙaluma ba tare da na jefa kowa cikin matsala ba?