Ranar shiryawa ta Amurkawa, da shawarwarin da na tsinta

Jiya a majalisa wani ya kawo zancen wai a Amurka duk 25 ga Agusta rana ce ta shiryawa da wanda kuka ɓata, ba hutun gwamnati bane fa, ranar raha ce kawai. Hira tayi tsawo, ga abinda na riƙe.

Yawanci sun ce ka fara kira, kar ka tsaya jiran waye babba waye mai laifi. Kuma banda dogon saƙo a WhatsApp, rubutu baya ɗaukar murya, ka rubuta "ba komai" shi ya karanta da gatse shikenan an koma gidan jiya. In matarka ce kar ka shigo hannu rabbana, ko tsire ne ka riƙo, nan kam kowa ya yarda harda gwauraye.

Inda aka yi gardama shine maganar bashi. Wasu sun ce a yafe duka, ni dai ina bayan wanda yace a gaisa a ci abinci tare amma kuɗi a biya.

Wani dattijo yace mu da aka hana mu gaba fiye da kwana 3, wa zai jira Agusta?