Allurar zafin motata ba ta tashi: lafiya ce ko matsala?

Malamin Makaranta, Kawo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin mota a kan wani abu da yake damuna tun da hunturun bana ya kama. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005 mai inji 1.8, 'yar Kwatano, kuma na saye ta wata bakwai da suka wuce a hannun wani wanda ya yi shekaru yana hawanta a nan Kaduna. Sau uku a mako nakan je Zariya, tafiyar kusan kilomita 80, kuma na lura cewa allurar zafi ba ta kaiwa ko kusa da tsakiya. Idan na tsaya a cunkoson Kawo takan ɗan ɗaga daga harafin C mai nuna sanyi, amma da na miƙi hanya na wuce Mararrabar Jos sai ta sake kwantawa ƙasa, kamar yanzu na tayar da motar. Hita ba ya ba da zafin kirki da asuba, fanka kuwa da na murza makulli take fara juyawa ko da ban kunna esi ba. Man da nake ganin ya kamata ya kai ni Zariya ya dawo da ni har da saura da ƙyar yake isa, sannan a makon jiya fitilar gargaɗin inji ta kama.

Bakaniken da yake duba mini motar ya ce in gode wa Allah, domin motar da ba ta zafi ba ta ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin saman inji da gangar jikinsa. Na girmama maganarsa, amma hankalina bai kwanta ba. Shin wannan sanyi lafiya ce ko matsala, kuma ta ina ya kamata a fara bincike?

Tsohon Bakanike, Kakuri

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ba ka bar maganar ta wuce haka ba, domin ba a ƙera inji don ya yi aiki da sanyi ba. Ruwan injin irin motarka ya kamata ya zauna tsakanin digiri 85 zuwa 95 a ma'aunin Selshiyas, ya kai wannan zafi cikin kamar minti 10 na tafiya, ya kuma tsaya a nan ko kana cunkoso ko kana gudu, ko da rani ko da hunturu.

Abin da yake tsare wannan zafi shi ne tamostat, wani ɗan bawul da ke tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai wani irin kaki da yake kumbura idan ya ji zafi, sai ya tura bawul ɗin ya buɗe. Muddin injin yana da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaye cikin injin kaɗai domin ya yi saurin ɗumama. Na irin injinka yakan fara buɗewa a wajen digiri 82, ya kammala buɗewa a wajen digiri 95. Idan aka cire shi, ko ya maƙale a buɗe, ruwa zai riƙa bi ta lagireto tun daga lokacin da aka tayar da mota. Wannan ne ya sa allurarka take ɗagawa a Kawo, inda iska ba ta dukan lagireto sosai, ta kuma faɗi a hanyar Zariya, inda iskar hunturu take ratsa shi da ƙarfi. Alamar da ka bayyana ita ce ta farko da muke nema.

Zatona mafi ƙarfi shi ne babu tamostat ɗin kwata-kwata, kuma wanda ya cire shi ne ya haɗa fanka kai tsaye da makulli, abin da muke cewa an yi mata dairekt. Ayyukan nan biyu tare suke tafiya a garejojinmu. A ganina ɗabi'ar ta yi jijiya ne tun zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a nan Kakuri, inda aka fara aiki a 1975. Waɗannan motoci kafireto suke amfani da shi, babu kwamfutar da ke auna zafin ruwa ta yanke yawan man da za a zuba, saboda haka ɓarnar cire tamostat ba ta fitowa fili nan take. Mu da muka koyi aiki a kan su mun ɗauko al'adar muka ɗora a kan motocin zamani, alhali abin ya sha bamban. Ni kaina na cire da yawa a shekarun baya, kuma yau ba na yi.

A motarka kwamfuta tana tambayar zafin ruwa kowane lokaci. Idan ta ga sanyi sai ta ƙara mai, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota, domin fetur ba ya tashi ya gauraya da iska yadda ya kamata a inji mai sanyi. An shirya wannan ƙari ne don 'yan mintocin farko, kai kuwa kana yin tafiyar Zariya kusan duka a wannan hali. Asarar kuɗin mai ita ce kake gani da ido, amma wadda ta fi damuna tana ciki. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka man, sai ringi da fistin su riƙa cin juna. Tururin ruwan da ƙonewar mai ke haifarwa yana taruwa cikin baƙin mai, kuma zafi ne kawai yake korarsa, idan babu zafi sai ya zama dagwalo mai toshe hanyoyin mai. Fulogi zai yi baƙi, haka nan matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda ake kira indomi, tana iya lalacewa, kuma ba ta da araha.

Ga gwajin da za ka yi da hannunka gobe da safe. Kafin ka tayar da mota, buɗe murfin lagireto ka tabbata ruwa ya cika, sannan ka rufe. Tayar da inji, ka riƙa taɓa manyan tiyo biyu na lagireto, kana nesanta hannunka da rigarka daga fanka da bel. A injinka tamostat yana bakin tiyon ƙasa ne, inda ruwa ke komawa inji, kusa da altaneta. Idan yana nan kuma yana da lafiya, tiyon ƙasa zai daɗe da sanyi, sai injin ya yi zafi sosai sannan ka ji ya ɗau ɗumi. Idan kuwa tiyo biyun da jikin lagireto suka fara ɗumi tare a hankali tun mintocin farko, to ƙofa a buɗe take.

Direban Haya, Hanyar Abuja

Baba, ina ganin girmanka da saninka, amma ina da ja a kan wannan magana. Na yi shekaru ina jigilar fasinja tsakanin Kaduna da Abuja, kuma sau ɗaya tamostat ya taɓa maƙale mini a rufe a watan Afrilu, da rana tsaka, kafin in ankara allura ta kai ja, gasket ya ƙone, saman inji ya lanƙwashe. Kuɗin da na kashe ya ninka na tamostat sau da yawa, ban da kwanakin da motar ta yi a ajiye. Tun daga ranar nake cirewa a duk motar da na karɓa. Ƙasarmu ba Turai ba ce, zafinmu a bazara yana haura digiri 35, kuma ina ganin wannan na'ura an yi ta ne domin masu dusar ƙanƙara. Malam, ni shawarata ka bar motarka yadda take.

Tsohon Bakanike, Kakuri

Ɗana, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Abin da ya same ka gaskiya ne, tamostat yana maƙalewa a rufe, kuma idan ya yi haka ɓarnar tana zuwa cikin mintoci. Amma ka dubi lissafin. Ko da rana ta kai digiri 40, injin yana neman kusan 90, tazarar digiri 50 ke nan, kuma dole a sami abin da zai kai shi can ya riƙe shi. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi namu, da tamostat ɗinsu suke fitowa. Tamostat mai lafiya ba ya hana sanyaya inji, domin idan zafi ya kai, a buɗe yake gaba ɗaya. A injina da yawa ma yana da faifai na biyu a gindinsa da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, ya tilasta masa bi ta lagireto. Idan aka cire shi wannan hanya tana zama a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kauce wa lagireto, har motar ta iya yin zafi a hawan tudu da kaya.

Abin da ke kashe tamostat galibi tsufa ne, da tsatsa, da ruwan rijiya ko na burtsatse da muke ɗurawa, wanda yake barin ƙasa-ƙasa a jikin komai. Maganin shi ne a sa tamostat mai kyau, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a kuma canza tamostat ɗin idan ya tsufa.

Mai Gyaran Wayar Mota, Tudun Wada

Malam, bayanin Baba ya gamsar, sai dai ina so in ƙara abin da ya shafi ɓangarena, domin wani lokaci injin yana da zafinsa daidai, allura ce ko sensa, wato 'yar na'urar da ke auna zafin ruwa, take ba da labarin da ba haka ba. Tunda fitilar inji ta kama, kada a kwance komai sai an jona na'urar bincike. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da mahaɗar da ake jona wannan na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ita kuma sai ta nuna lambar matsalar. Lambar P0128 tana nufin ruwa bai kai zafin da tamostat ya kamata ya riƙe ba, P0125 tana nufin zafi bai isa kwamfuta ta fara daidaita mai yadda ya kamata ba, daga P0115 zuwa P0118 kuwa suna nuni ga sensar zafin ruwa ko wayarta.

Kada ka yarda a goge lambar kawai a ce an gama. Ka nemi a nuna maka zafin da kwamfuta take karantawa. Da safe, bayan motar ta kwana, zafin ruwa ya kamata ya yi kusan daidai da zafin iskar da inji ke shaƙa. Idan ɗaya ya ce 18 ɗayan ya ce 40, akwai sensar da ba ta da lafiya. Ana kuma iya auna sensar da mitar masu gyaran waya, wadda ke ba da sakamako a ma'aunin om: a digiri 20 takan nuna tsakanin om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 ta sauko wajen om 300. Bayan haka a fita da motar da na'urar a jone, a ga inda zafin yake tsayawa a kan hanya.

Maganar fanka ma tana bukatar natsuwa. A motoci da yawa fanka tana juyawa duk lokacin da esi ke aiki, wannan ba laifi ba ne, kuma idan aka zare wayar sensa kwamfuta takan saki fankar ta yi ta juyawa domin kare inji. Saboda haka a duba ko wayar a jone take, sannan a buɗe akwatin fiyus a ga ko an cire rile, wato ɗan makunnin da ke kunna fanka ya kashe ta, an soka waya a gurbinsa.

Gargaɗi biyu nake roƙon ka riƙe. Idan allura tana tsakiya sai ta faɗi ƙasa farat ɗaya kana cikin tafiya, hita kuma ya koma sanyi, ka tsaya nan take, domin mai yiwuwa ruwa ne ya zube, sensa ta zauna a cikin iska alhali inji yana ƙuna. Kuma kada ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan yana cikin matsi, yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, da ka buɗe zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. Abu na ƙarshe, wanda ya cire tamostat yana da dalilinsa, kuma sau da yawa dalilin shi ne motar ta taɓa yin zafi. Idan ka mayar ba ka nemo wannan dalili ba, tsohon ciwon zai dawo, a ce tamostat ne ya jawo.

Malamin Makaranta, Kawo

Allah ya saka muku da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Na yi gwajin tiyo, kuma duka biyun sun fara ɗumi tare kafin minti 5. Na'urar bincike ta nuna P0128, zafin ruwa da na iska sun yi daidai da safe, amma a hanya bai wuce digiri 62 ba. Da aka kwance mazaunin tamostat babu komai a ciki, a akwatin fiyus kuma mun tarar da guntuwar waya a gurbin rilen fanka.

Shawarar neman dalili ta yi amfani ƙwarai. Da aka sauke lagireto an ga kusan rabin hanyoyinsa sun toshe da tsatsa, robar murfinsa kuma ta tsage. An wanke shi, an sa sabon murfi, na sayi tamostat mai lamba 82 a jikinsa, muka jefa shi a tukunyar ruwan zafi muka ga yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa, yana kuma rufewa da ya huce. An ɗaura shi ɗan ramin fitar iskarsa yana fuskantar sama, aka mayar da rile, aka zuba ruwan sanyaya inji aka fitar da iska, sannan na canza baƙin mai da matatarsa saboda abin da Baba ya faɗa. Jiya allura ta kai ƙasa da tsakiya kaɗan kafin in fita daga Kawo, ba ta motsa ba har Zariya, kuma na ji fanka tana kamawa tana saki da kanta a cunkoso. Maganar ɗan'uwa direba ma ban yar da ita ba, zan sa ido a kan allurar sosai idan zafin Maris da Afrilu ya shigo. Yanzu na cika tanki na rubuta lambar kilomita, kuma bayan mako biyu zan kawo muku abin da lissafin mai ya nuna, in Allah ya yarda.