Wace kalma za mu ba wannan zanen gajimare na bayan tsibiri?

Jama'ar Nima da Mamobi, salamu alaikum. 'Yar yayata ce ta nuna min hoton da tauraron ɗan Adam na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauko a saman tsibiran Kap Verde. Gajimare ya nannaɗe a bayan tsibiran, wannan ya murɗa dama, na gaba ya murɗa hagu, jere guda har ɗaruruwan kilomita a kan teku. Ta ce, "Kawu, yaya sunansa da Hausa?" Na kwana da tambayar.

Ga yadda abin yake. Iska ta taho da gajimare na ƙasa-ƙasa, sai ta ci karo da dutse kamar Fogo na Kap Verde, mai tsayin mita 2,829. Iska mai ɗumi ta danne ta daga sama, ba halin haurawa, dole ta rabu biyu ta kewaye. In ta wuce, gefen nan ya saki murɗi, wancan ma ya saki nasa, bi da bi. Duk wanda ya taɓa kafa sanda a kwata lokacin damina ya ga ƙaraminsa a ruwa. Ana ganin zanen a tsibiran Kanari da Madeira, da Jeju ta Koriya.

Turawa sun laƙaba masa sunan Theodore von Kármán, ɗan Hungari da ya yi lissafinsa a 1911, suna ce masa titi. Titi bai shige ni ba, wa ke bin sa?

Wani ɗan'uwa daga Kumasi ya kawo "jerin guguwa". Malam, na gode, amma guguwa a kunnen Bahaushe ƙura ce mai tashi sama tana kwashe kwanon rufi. Wannan kuwa a kwance yake, shimfiɗe.

Hajiya mai waina ta leƙa wayar ta ce, "Ai kitso ne." Wallahi ta gama magana. Silin dama ya hau na hagu, na hagu ya dawo, daga tushe har jela.

Da farko na rubuta "kitson gajimare". Sai na tuna ƙurar Sahara ma takan fito da zanen nan a kan teku. Ashe iskar ce ake kitsewa, gajimare bayyana ta kawai yake yi.

Don haka ni na tsaya a kan "kitson iska". Malamanmu na makarantu, ku gwada shi a aji, ku gaya min ko yara sun kama.