Wata biyu a Tuscaloosa: daga ina zan fara da tarihin ƙwallon jami'o'in Alabama?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata biyu ke nan da zuwana karatu Tuscaloosa. Ranar Asabar gari kaf sai ya koma ja, tituna a cike. Ƙwallon Amurkan nan da ake rugawa da ita a hannu ko dokokinta ban gama ganewa ba, amma ina so in san me ya sa mutanen jihar nan suka ɗauke ta da zafi haka. Yayyena da kuka daɗe, ina zan je?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ga shi nan a ƙofar gidanka: gidan tarihin Paul W. Bryant, cikin jami'arku. Shi Bryant ya horar da ƙungiyar jami'arku ta Alabama daga 1958 zuwa 1982, ya ci kofin ƙasa sau 6, ya rasu a Janairun 1983, wata guda bai cika ba da wasansa na ƙarshe. An shirya ofishinsa yadda ya bar shi, kuma hular nan mai zanen baƙi da fari da kake gani a kan mutane, tasa ake kwaikwayo. Amma ka daɗe a ɓangaren 1926, shekarar da Alabama ta je Rose Bowl, babban wasan ƙarshen kaka da ake yi a California, ta doke Washington da 20 da 19. A lokacin ana yi wa jihohin Kudun ƙasar kallon matalauta 'yan baya, shi ya sa duk yankin ya ɗauki nasarar tamkar tasa. Koci Nick Saban ma ya kawo kofuna 6 tsakanin 2007 da 2023.

Maman Hanifa: Yaya, kar ka sa yaron nan ya zaci ƙungiya ɗaya ce a jihar. Auta, ka zo Auburn. Mu ma a 1892 muka fara, kuma John Heisman, wanda babbar kyautar gwarzon ɗan wasa ke ɗauke da sunansa, ya yi koci a nan daga 1895 zuwa 1899. Haɗuwarmu ta farko da Alabama a 1893 Auburn ce ta ci, 32 da 22. Bayan wasan 1907 suka ɓata kan kuɗin guzurin 'yan wasa da zaɓen alƙalai, ba su sake karawa ba sai 1948. In ka zo zan kai ka mahaɗar Toomer's Corner, inda ake lulluɓe itatuwa da tishu duk ranar nasara. Tsofaffin itatuwan wani magoyin bayan Alabama ya zuba musu guba a 2010, sai da aka sare su aka dasa sabbi. Har yau mutanen garin na jin ciwon abin.

Malam na Birmingham: Duk gaskiya kuka faɗa, sai dai ku ba ni dama in ƙara. Auta, a jami'arku akwai ginin Foster Auditorium. A ƙofarsa Gwamna George Wallace ya tsaya a watan Yunin 1963 don hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga rajista. Ka je ka tsaya a wurin kafin ka shiga gidan tarihi. Kofunan Bryant na 1961 da 1964 da 1965, babu baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyar. A Satumbar 1970 ƙungiyar jami'ar USC ta California ta zo filin Legion Field nan Birmingham da 'yan wasanta baƙaƙe, ciki har da Sam Cunningham, ta ci Alabama 42 da 21. Sai a 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama.

To, duk tsawon shekarun nan ina yaran baƙaƙe ke wasa? A makarantunsu. Cleve Abbott ya horar da ƙungiyar makarantar Tuskegee daga 1923 zuwa 1954. Shahararren ɗan wasa John Stallworth daga jami'ar Alabama A&M ya fito. Shawarata, ka zo Magic City Classic a ƙarshen Oktoba, wasan Alabama A&M da Alabama State a Legion Field. Na ga tsoho da sanda riƙe da jikarsa, lokacin hutun rabin lokaci 'yan badujala suka shigo, ya miƙe tsaye yana rera taken makarantarsa hawaye na zuba. Wannan ba za ka same shi a cikin gilashi ba.

Maman Hanifa: Wallahi Malam ka tuna mini. Kuma Auta, in an miƙo maka gasasshen nama a rumfunan bakin fili, ka tambaya tukuna, yawanci na alade ne. Mutanen kirki ne, ba sa jin haushin tambaya.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan lacca zan fara da Foster Auditorium. Malam, in na zo Birmingham a Oktoba, zan iya bin ku zuwa filin?

Malam na Birmingham: Ka zo tun ranar Juma'a, mu yi sallah tare ka kwana a wurinmu. Da sassafe ake faretin.