Shawarwari kan rainon gidajen tarihin jirgin ƙasa

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan yadda ake rainon gidajen tarihin jirgin ƙasa shi ne kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe irin waɗannan gidaje. A Amurka, doka ta wajabta a kwance tukunyar injin tururi a duba ta bayan kwana 1472 na aiki ko shekara 15, kuma kuɗin wannan aiki a dunƙule ake kashe shi. Don haka a fara tara kuɗi tun ranar da injin ya soma huci.

An ja kunne kan karɓar kowane taragon kyauta. Gaskiya ne kuwa: tarago babu rumfa, ruwan sama na dukansa, tsatsa na huda ƙasansa. Kada ma'aji ya riƙe asusu shi kaɗai, a kuma koya wa matasa gyara kafin ƙarfin dattawa ya ƙare.