Shawarwarin da muka tattara kan haɗa kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan

Daren Asabar a Agege muka zauna kan maganar ƙanena, wanda ke son haɗa kwamfutarsa ta farko. Bakin kowa ya zo ɗaya: kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi kan katin hoto, wato abin da ke fitar da hoto kan fuskar kwamfuta, domin shi ke ɗaukar nauyin wasa. Katin RX 6600 mai 8GB ya wadatar a ingancin hoto na 1080p. A haɗa shi da Ryzen 5 5600, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da babban allon da ake jona komai a kai, B450 ko B550. Wani ya tunatar cewa 5600 ba ya fitar da hoto sai da kati, 5600G kuwa yana yi, ga wanda kuɗinsa bai cika ba tukuna.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, 16GB, amma sanda biyu na 8GB. SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, dole.

Inda muka daɗe shi ne wuta. Yadda take rawa a Legas, wallahi ina tsoron akwatin wuta mai araha marar suna, ya ƙone komai lokaci guda. A sayi 550W mai tambarin 80 Plus na rage ɓarnar wuta, sabo fil, a ƙara da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke.

Katin hoto na tokumbo a kasuwar Computer Village ta Ikeja kuwa, a kunna wasa a gabanka ya yi zafi kafin ka biya.