Yaya Abalak ta zama gari, kuma ina kiwonta ya kwana?

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga magabata a kan Abalak ta jihar Tawa a Nijar. Dattawanmu suna cewa mashayar dabbobi ce a da, to me ya mayar da ita babban gari, kuma shin kiwo ne har yanzu yake riƙe da mutanenta?

Baba Malam, Abalak:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya dattawa suka faɗa maka, domin ruwa ne ya fara tara Abzinawa da Fulani da Larabawan yankin Azawak a nan. Farin 1973 da 1974, sannan na 1984, ya karkashe garkuna, har iyalai da yawa da suka saba bin ciyawa suka kafa bukkoki a gefen gari ba su sake tashi ba. Da aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit saboda jigilar yuraniyom, sai Hausawa 'yan kasuwa suka ƙaru. Har gobe kasuwar Alhamis ce ran garin: raƙuma, tumaki, shanun Azawak masu yawan nono, da cukun da mata suke kawowa daga ruga. Dillalai suna loda dabbobin zuwa Najeriya ta hanyar Ƙonni, shi ya sa faɗuwar naira take taɓa aljihun makiyayin da bai taɓa ganin Illelar Najeriya da ke bakin iyaka ba.

Hajiya, Yamai:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma abin da ya fi damuna shi ne makiyayar kanta. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa domin a bar wa dabbobi wannan yanki, ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi 'yancin yawo da garkensa. Duk da haka gonaki suna ta hawa arewa, masu hali suna kewaye daji da waya, wasu kuma suna kwashe busasshiyar ciyawa da manyan motoci su sayar a birni. Idan bazara ta yi tsanani, talaka yakan sayar da saniyar da ta rame a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba domin ya saya wa sauran dusa. Wannan zalunci ne.

Baba Malam, Abalak:
Haka ne, Hajiya. Ɗana, idan za ka zo, ka daidaita da ranar kasuwa a cikin watan Satumba, lokacin da garkuna suka haura Ingal ta jihar Agadas lasar gishiri, sannan ka dawo a watan Mayu ka ga layin dabbobi a bakin rijiyoyi.